Neman soson situdiyo daga Agege zuwa Alaba

Ɗakin da nake ɗaukar murya a ciki ɗakin haya ne a Agege, ƙafa 10 da 12, ginin bulo mai filasta mai santsi, ƙasa tayil, sama silin ɗin roba, taga ɗaya, ƙofa ɗaya. Aiki iri biyu nake yi a cikinsa. Akwai tallan Hausa da nake yi wa 'yan kasuwarmu, masu shaguna a nan Agege da masu kayan gwari a Mile 12, waɗanda ke son a ji su a WhatsApp da Facebook. Akwai kuma wanda ya fi mini nauyi a zuciya, wato karatun Malaminmu. Dattijo ne da ya daɗe yana karantar da fiƙihu bayan Magariba, almajiransa kuma sun watsu, wasu sun koma Kano da Katsina, wasu suna Kwatano. Su suka roƙa a riƙa ɗaukar karatun ana aika musu.

Ƙorafin da ya riƙa dawowa daga wajensu iri ɗaya ne. Suna jin muryar Malam, amma kamar daga cikin rijiya take fitowa, ƙarshen kalma yana hawa kan farkon ta gabanta. A talla ana iya rufe irin wannan da kiɗa. A karatu babu abin rufewa, kuma ba ƙaramin abu ba ne mai sauraro ya kasa rabe "ya halatta" da "bai halatta ba" saboda ƙaramin harafi ya nutse. Makirfona lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ma haka. Na kai su falon wani abokina mai kafet da kujerun kushin na gwada, muryar ta fito tas. A nan na tabbatar ɗakina ne da kansa yake shiga cikin abin da nake ɗauka.

Kafin in taɓa kuɗi na je wurin wani yayana, ɗan unguwarmu da ya yi shekara da shekaru yana haɗa sauti a wani situdiyo a Surulere. Na ce, "Yaya, soson nan da ake liƙawa a bangon situdiyo nake so in saya, gaya mini wanda ya fi." Bai ba ni amsa ba sai da ya tambaye ni abin da ke damuna: ƙarar da ke shigowa daga waje, ko wadda ɗakin ke maido mini? Na ce duka biyun. Ya ce, "To cuta biyu ke nan, soso kuwa ɗaya kawai yake warkarwa. Ka riƙe wannan da kyau kafin ka shiga kasuwa, don a can za a ce maka yana maganin duka."

Ta farkon, duk wanda ya kwana a Agege ya san ta. Jiragen da ke sauka a filin jirgin Murtala Muhammed ta samanmu suke bi, ƙasa-ƙasa, har kwanon rufi yana amsawa. Ga jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan tun 2021, ga na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, duka ta tsakiyar Agege layinsu ya ratsa. Ga janareton maƙwabci, ga hon ɗin danfo. Abin da ke tare irin wannan ƙara nauyi ne da toshe kafa: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi, da hana iska hanyar shiga. Ƙa'idar da masu wannan ilimi suka sani ita ce, in ka ninka nauyin bango sau biyu, abin da za ka ƙara ragewa kimanin desibel 6 ne kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Soso kuwa, wanda zai rufe rabin bango yaro ƙarami zai ɗauke shi da hannu ɗaya. Liƙa shi a jikin bulo bai ƙara wa bangon wani nauyin a zo a gani ba. Ni ɗan haya ne, ba ni da ikon gina bango na biyu, don haka tun ranar na sauke wannan buri daga kan soso, na mayar da shi kan ƙofa da taga da zaɓen lokacin aiki.

Cuta ta biyu ita ce wadda almajirai ke kuka da ita. Murya na fita daga baki, ta daki filasta, ta daki tayil, ta daki silin, sannan ta dawo ta faɗa makirfo bayan asalin muryar ta riga ta shige. Yaya ya ce in tsaya tsakiyar ɗakin in yi tafi ɗaya mai ƙarfi in saurara. Na yi. Bayan tafin sai wata siririyar karkarwa ta biyo baya, sautin da ke kai da komo tsakanin bangwaye biyu masu kallon juna. Sannan ya ba ni gwajin da ba ya cin ko sisi: in jingine katifar da nake kwana a kai a bayan kujerar mai karatu, in rataya barguna a gefe biyu, in shimfiɗa darduma, in karanta shafi ɗaya, in kwashe su duka, in sake karanta shafin. Da na sa hedifon na saurari biyun a jere, ban bukaci kowa ya yi mini bayani ba. Na kuma lura da wani abu da ya yi mini amfani daga baya: in na bar bargunan na cire katifar, karkarwar takan tafi, amma wani gunji mai kauri yakan zauna a ƙarƙashin muryar. Katifar ce kaɗai ke taɓa shi.

Daga baya na karanta cewa da irin wannan gwaji aka kafa ilimin gaba ɗaya. A 1895 aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa. Da dare yake kwaso matasan kujeru daga wani zauren, yana jerawa yana ragewa, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Lissafin da ya fitar har yau da shi ake aiki.

Wasu matasa a unguwa sun ba ni shawarar kiret ɗin ƙwai, don a kyauta ake samunsa. Siffarsa ce kawai ta yi kama da ta soson situdiyo. Kwali ne siriri, ba ya shanye abin kirki, yana jan kyankyasai, kuma wuta na kama shi nan take. Ban ɓata lokaci a kansa ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne fahimtar kauri, kuma a kansa duk zaɓin ya rataya. Sauti yana tafiya a iska kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, a zafin Legas ma ya ɗan ɗara haka. Kowane sauti yana da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, wanda ake aunawa da Hz, yana kuma da tsawon zangonsa, wato nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya. In ka raba 343 da yawan kaɗawar, ka sami tsawon zangon. Siririn sauti irin na "s" da "sh", wanda ke can wajen 4000 Hz zuwa sama, zangonsa bai kai santimita 9 ba. Na 1000 Hz santimita 34 ne. Gindin muryar namiji kuwa, da ke tsakanin 85 da 180 Hz, zangonsa mita 2 ne zuwa 4.

Soso da guga yake aiki. Iskar da sauti ke girgizawa tana kutsawa cikin ƙananan ramukansa tana gogar jikinsu, ƙarfinta ya koma ɗan ɗumin da hannu ba ya ko ji. Matsalar ita ce a daidai jikin bango iskar ba ta motsi, bangon ya tsayar da ita. Inda ta fi motsi shi ne nisan rubu'in zango daga bangon. Ga siririn sauti, wannan nisa santimita 2 ne, soso mai inci 1 ya isa wurin. Ga sautin 100 Hz kuwa santimita 85 ne, soson nan mai inci 1 ko kusa bai kai ba. Lissafin na kusantarwa ne, a aikace soso yakan kama sautin da ya ɗan fi kauri kan abin da lissafin ya nuna, amma hanyar da yake nunawa gaskiya ce: ƙarin kauri shi ne ƙarin kama sauti mai kauri, babu wata dabarar yanka da za ta maye gurbinsa.

Wannan ne ya fassara mini abin da na sha ji a ƙananan situdiyoyin da ke unguwanninmu, inda aka liƙe kowane bango tun daga ƙasa har sama da siririn soso. Kana shiga za ka ji wurin ya yi tsit, ka zaci an gama aiki. Amma in aka ɗauki murya sai ta fito a toshe: an kashe hasken muryar, an bar gunjin yana nan daram. A ganina wannan ya fi ɗakin da ba a taɓa ba illa, don mai ɗakin ya riga ya kashe kuɗinsa, ya kuma daina zargin ɗakin, sai ya koma zargin makirfo.

Akwai kuma lissafin ɗakina shi kansa. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake kumburawa gwargwadon faɗinsa da tsawonsa. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, tana kumbura sautin da ke wajen 47 Hz da ninkinsa, wato 94 da 141. Ƙafa 10 tana kumbura na 56 Hz, da 112, da 168. Muryar Malam mai kauri ce, a tsakiyar waɗannan lambobi take zaune. Shi ya sa wasu kalmominsa ke fitowa da gunji wasu kuma lafiya, alhali zamansa bai canza ba. Da takardar wannan lissafi a aljihu na kama hanyar kasuwa.

Daga Agege na bi ta Iyana Ipaja, na ratsa Igando, na sauka Iyana Iba, daga nan zuwa kasuwar Alaba a Ojo. A layin masu lasifika da makirfo soso ba ya wahalar gani, an jera shi a ƙofar shaguna: mai haƙora-haƙora, mai dala-dala, mai siffar kiret, baƙi, ja, shuɗi. Mafi yawa santimita 30 da 30 ne, guda 12 a fakiti, an matse su a leda an zuƙe iskar, har sai ka buɗe su huta kafin su kumbura. Farashin fakiti ɗaya yakan yi daɗin ji, sai ka zauna ka yi lissafi: guda 12 ɗin nan murabba'in mita ɗaya ne da ɗan ɗori, bangwayen ɗakina kuwa sun kusa murabba'in mita 37. Wanda ya ƙudurta liƙe ko'ina, dole ta sa shi ya sauko kan mafi siranta don kuɗinsa su kai, nan kuma tarkon yake.

Na tafi da tef ɗin tela, ya kuma yi mini rana. Kaurin da ake rubutawa a jikin leda daga tsinin haƙori ake auna shi. In ka sa tef a cikin kwarin da ke tsakanin haƙora biyu, wani soson da aka rubuta masa inci 2 abin da ya rage a gindinsa bai fi santimita 1 ba. Kusan rabin abin da ka saya iska ce da aka yanke. Masu shago sun fi son yin magana a kan siffa, wannan ya ce mai dala ya fi, wancan ya ce mai haƙora. Ni abin da na gani shi ne siffa ado ce, yawan naman soson shi ne aiki. Shimfiɗaɗɗe marar ado mai cikakken inci 2 ya fi mai dala da aka rubuta masa inci 2 ɗin.

Gwaji na biyu da baki ake yin sa. Ka kafa leɓe a jikin soson ka hura. In iska ta ratsa da ɗan turjiya, ramukansa a buɗe suke, sauti zai shiga. In ta tokare, ramukan a rufe suke, irin farin soson nan mai sheƙi da ake naɗe talabijin da shi a kwali, wannan maido da sauti zai yi. In kuma ta wuce fuu babu turjiya ko kaɗan, ya yi sako-sako da yawa, sauti zai shiga ya daki bango ya fito kusan yadda ya shiga. Na riƙa matsa su da yatsa ina duban wanda ke dawowa nan take, ina kuma ɗaga biyu masu girma ɗaya in ji wanda ya fi nauyi.

Wani matashin mai shago da ya yi zama a Sabon Garin Kano, Hausarsa tas, ya ɗauko mini wani baƙi ya ce, "Malam, ka sa wannan, ko janareto ba za ka ƙara ji ba." Na ce, "Oga, janareton na bar wa ƙofa, ni amsa-kuwwa nake nema wa magani. Akwai takardar gwajinsa?" Ba shi da ita, kuma yawancin abin da na gani a ranar haka yake. Kamfanonin da ke gwada kayansu sukan buga wata lamba, NRC, daga 0 zuwa 1, mai nuna yawan abin da soson ke shanyewa. Ko ita sai an yi hattara, don matsakaici ne na ma'auni huɗu kawai, 250 da 500 da 1000 da 2000 Hz. Ba ta taɓa 125 Hz ba, inda damuwata take. In ka sami cikakken jadawalin soso mai inci 2 na kirki, za ka ga a 1000 Hz yana shanye kusan komai, a 125 Hz kuwa ko kashi 20 cikin 100 bai kai ba. Wato soso mai kyau ma rabin aikina zai yi.

Wani dattijon ɗan kasuwa a can ciki shi ya faɗa mini gaskiyar da ta dace da takardata. Ya ce masu gina manyan situdiyo da majami'u ba soso suke jibgawa a kusurwa ba, Rockwool suke sa wa, wannan audugar da ake yi da narkakken dutse, kuma wurin masu kayan rufi da bututun sanyaya ɗaki zan same ta. Ya kuma yanko mini ƙyalle daga soso iri biyu da yake sayarwa, ya ce in je in gwada da wuta kafin in dawo. Ban tambaye shi ba, shi ya kawo maganar, kuma a kan haka na koma wurinsa na yi ciniki.

Maganar wuta ba ta cikin abin da na fito nema, amma ita ta fi tsaya mini a rai. Yawancin soson nan dangin na katifa ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa. In ba a sa masa maganin hana ci ba, yana kamawa da sauri, yana narkewa yana ɗiga da wuta a jikinsa, hayaƙinsa kuma guba ne. A watan Fabrairun 2003, a wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka, tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka liƙa a bango don rage ƙara, mutum 100 suka mutu. A Janairun 2013 aka sake irin ta a garin Santa Maria na Brazil, soson silin ne ya kama, mutum 242 suka rasu, mafi yawansu hayaƙi ne ya kashe su. Da na karanta wannan sai na dubi ɗakina da wani ido daban. Ƙofa ɗaya ce. Tagar tana da ƙarfen hana ɓarawo, irin na kowane gida a Legas. Wutar lantarki tana zuwa da ƙarfi ba sallama, soket yakan yi tartsatsi. Muna kunna maganin sauro, muna sa turaren wuta in Malam zai zo. Kuma wanda zan zaunar a ciki dattijo ne da ba ya iya tashi da sauri.

Na fita tsakar gida da bokitin ruwa a gefe, na riƙe kowane ƙyalle da filaya na kanga masa ashana. Na farko ya kama, na janye ashanar ya ci gaba da ci yana zubar da baƙin hayaƙi har ya ƙare. Na biyu ya ƙanƙance ya yi baƙi, ina janye wutar ya mutu. Na biyun ya fi tsada sosai. Shi na saya, na rage yawa. Wanda ke shirin sa soso a ɗakin da mutane ke kwana ko yara ke shiga, ina roƙonsa ya yi wannan gwaji, a waje, da ƙaramin yanki. Ko wanda ya ci gwajin ma ba dutse ba ne, in wuta ta yi ƙarfi zai ci, shi ya sa na bar tazara tsakaninsa da soket da ƙwan fitila, na kuma ajiye ƙaramin tulun kashe gobara a bakin ƙofa.

A ƙarshe kuɗina gida biyu na raba su. Kaso ƙarami ya tafi ga soso mai cikakken inci 2, na santimita 50 da 50, daidai abin da zai rufe wurare uku zuwa huɗu. Kaso mafi girma ya tafi ga Rockwool da katako da ladan kafinta. Ana sayar da ita a fale-fale, santimita 120 da 60, kaurin santimita 5, kuma nauyinta hawa-hawa ne. Na ɗauki mai kilo 60 a kowace kubik mita (mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi), na haɗa biyu-biyu ta zama santimita 10. Wani kafinta Bayerabe da ke bayan layinmu, wanda ya girma cikin Hausawan Agege, shi ya buga mini firam guda shida, waɗanda za a cika da audugar su zama alluna. Da na yi masa bayani ya ce, "Alhaji ƙarami, ai akwati ne marar murfi, kawo awon kawai." Aikin audugar a tsakar gida muka yi shi, da safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, don ƙaiƙayinta ba wasa ba ne, ƙurarta kuma ba abin shaƙa ba ce. Muka fara naɗe ta da siririn farin yadi don kada zarenta ya riƙa tashi, sannan muka ja yadin ado a kai. Shi ma yadin sai da na hura shi. Shadda mai sitaci da yadi mai sheƙi sun toshe iska, na ajiye su. Yadin auduga mai laushi na ɗauka.

Wurin kafawa ya kusa kai kaurin muhimmanci. Makirfona irin wanda ke ji ta gaba ne, bayansa ba ya ji sosai. Gabansa kuwa mai karatu yake kallo, da bangon da ke bayan mai karatun. Duk abin da wannan bango ya maido, kai tsaye cikin kunnen makirfo yake faɗawa. Saboda haka alluna biyu masu kauri a bayan kujerar Malam suka zauna, wurin da katifata ta nuna mini tun farko. Sauran huɗun na gicciya su a kusurwoyin ɗakin, don a kusurwa sauti mai kauri yake taruwa, kuma gicciyawar tana barin rami a bayan allon, wanda ke ƙara masa kamu. Teburin na janye shi daga jikin bango, ban kuma kai shi tsakiyar ɗaki cif ba.

Soson kuwa da madubi na nemo masa wuri. Na zauna a kujerar Malam, ƙanena ya riƙa jan ƙaramin madubi a jikin bangon dama. Inda na hango makirfo a cikin madubin, nan ne murya ke dukan bango ta karkato, nan muka yi alama. Haka muka yi a hagu, haka a silin saman tebur. Sai ɗan abin da ya rage na sa a bangon da ke fuskantar mai karatu, don karya kai da komon nan da tafi ya tona. Ƙasa na shimfiɗa kafet mai kauri. Sauran bangon na bar shi yadda yake, ɓangare ɗaya ma kantar littattafai ce, wadda rashin daidaiton bayan littattafan ke warwatsa sauti. Ban so ɗakin ya mutu murus ba, karatu yana son ɗan rai a cikin murya.

Ban liƙa komai a jikin bango da gam ba, dalilina biyu. Na ɗaya mai gida: gam yana tashi da fenti har da filasta, ranar barin gida kuma rigima ce. Na biyu laimar Legas. Daga Afrilu zuwa Yuli, musamman a Yuni, bangon da ke kallon waje yakan yi sanyi ya jiƙe, abin da aka manne masa kuwa fumfuna ce za ta yi gida a bayansa ba ka sani ba. Sai muka manna soson a kan siririn filawud da kafinta ya huda masa manyan ramuka, muka sa guntayen katako a baya suka ɗaga shi santimita 5 daga bango, muka rataye a ƙusa. Iska tana zagayawa, kuma tazarar nan tana matsar da soson zuwa inda iskar sauti ta fi motsi, ya kama sautin da ya fi kauri kan wanda zai kama in yana manne. Wannan ƙari ne da ba a biya masa ko kwabo. Na kuma kauce wa inda rana ke faɗowa ta taga, don hasken rana yana sa soso ya canza launi ya fara marmashewa.

Ranar da Malam ya fara zama a ciki, ya yi basmala ya tsaya, ya dube ni ya ce, "Yaro, me ka yi wa ɗakin nan? Muryata ba ta dawo mini." Na ce, "Allah gafarta Malam, dawowar ce take hana almajirai ji." Ya ɗan jima kafin ya saba, don wanda ya shekara yana karantarwa a zaure ya saba jin bango yana taya shi. Na roƙe shi kada ya ɗaga murya, na kuma matso da makirfon zuwa kimanin taƙi ɗaya daga bakinsa. Wannan ma kyauta ne: duk sanda ka rage nisan baki da makirfo da rabi, asalin muryar tana ƙaruwa da kimanin desibel 6, ɗakin kuwa yana nan yadda yake, sai ya koma baya. Saƙon da ya zo daga Katsina bayan karatun farko gajere ne, cewa yanzu ko a lasifikar waya ana rabe kalmomi, ba sai an nemi hedifon ba.

Ƙarar waje tana nan. Na sa roba a kewayen ƙofa da ƙasanta, na rataya labule mai nauyi ninki biyu a taga, hakan ya rage hayaniyar layi da hon, amma jirgin sama ba ruwansa da wannan. In ya taso, nakan ɗaga hannu, Malam ya dakata, ya wuce, a maimaita jimlar daga farkonta, daga baya in yanke. Mun mayar da ɗaukar karatu bayan sallar Asuba, kafin garin ya tashi, kafin masu janareto su kunna. Zafi kuma ya ƙaru, wannan ba a faɗa maka a kasuwa: ƙofa a rufe, taga a rufe, fanka a kashe don kada makirfo ya ɗauki iskarta, ga soso da auduga suna riƙe ɗumi. Don haka a gutsure muke aiki, kimanin minti 20, sannan a buɗe ƙofa, a kunna fanka, Malam ya sha ruwa, a ci gaba.

Da damina nakan sauke allunan da ke bangon waje lokaci-lokaci in duba bayansu. In na ga bangon ya yi gumi sai in goge shi, in bar taga a buɗe da fanka na wuni guda kafin in mayar. Allunan auduga nakan fitar da su su sha rana kaɗan, soson kuwa a inuwa nake shanya shi, in kakkaɓe ƙurarsa da burushi mai laushi, ba na sa masa ruwa.